Zanen Tsintsiya a Shingen Malam Sule

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya san abin da kowa ya rufe a ƙarƙashin hularsa. Nana Hauwa, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki ƙara gishiri, kada kuma ki rage don kina jin kunyar kakanki. Labarin Malam Sule na Koki ne, wanda yaran unguwarsu suka taso suka tarar ana kira Sule Shinge. Yau kwanansa arba'in da uku a ƙasa. Sunan nan na tsiya ni na jawo masa shi, kuma har ya koma ga Ubangijinsa ban buɗe baki na wanke shi ba.

Ni ne Ɗanladi mai lambu. Daga wani ƙauye na ƙasar Gezawa na shigo birni ina saurayi, na yi dako a kasuwar Kurmi har wuyana ya kusa nutsewa cikin kafaɗa. Sai Allah Ya haɗa ni da gidan su Alhaji Hashim na Mandawari, jinin Larabawan nan da kakanninsu suka keto sahara da raƙuma suka zauna a birni. Suna da wani tsohon lambu a cikin ganuwa, can yamma ta wajen Ƙofar Kansakali, tun zamanin da wajen duk gonaki ne. Doguwar katangar ƙasa ce ta zagaye shi. A ciki akwai rijiya biyu, da dabino, da kurna, da magarya, da aduwa, da kanya, da gawo manya guda biyar waɗanda sai mutum biyu sun haɗa hannu suke rungume ɗaya. Aikina ban ruwa da shara da tsaron ƙofa. Shara kuwa, ba yabon kai ba, babu wanda ya kamo ni. In na share wuri nakan bar zane a ƙasa, layi bisa layi, kamar saƙar tabarma. Baƙin Alhaji har tsayawa suke yi suna jin nauyin takawa. Riƙe wannan a ranki, za mu dawo kansa.

Wata shekara wani ɗan'uwan Alhaji da ke Agadas ya aiko masa da bareyi uku, namiji ɗaya mata biyu. Alhaji mutum ne mai bin doka, ya je wajen ma'aikatan kula da namun daji ya karɓo takardar izini, aka sake su a lambu, aka ce ni zan kula da su. Ke ba ki taɓa ganin barewa ido da ido ba, sai a waya. Dabba ce da in ta dube ki sai ki ji kamar ta san sunanki. A lambun babu kura, babu kare, babu maharbi, ga dusa ga harawa ga inuwa. Suka yi ta haihuwa. Cikin shekara goma sha wani abu, uku suka zama talatin da takwas. Kowace na san ta, na san uwarta. Akwai wata da uwarta ta mutu ranar haihuwa, ni na raine ta da nonon akuya a kwalba, na sa mata suna Mai-kwalli saboda baƙin layin da ke idonta. In na tafi rijiya tana bayana, in na zauna cin abinci hancinta na cikin kwanona. Kakarki, Allah Ya jiƙanta, takan ce ni dai 'ya'yana takwas ne, bakwai a gida ɗaya a lambu, kuma ta lambun ce 'yar gaban goshi.

To, shi Malam Sule. A Koki aka haife shi. Ubansa maharbi ne mai sayar da fatu da sassaƙe a Kurmi. Tun yana ƙarami yake bin uban daji, ya iya karanta sawu kafin ya iya karanta allo. Wani kawunsa ya jefa shi makarantar boko, ya ɗan taɓa, sai ya samu aikin gadin daji na gwamnati. Ɗan maharbi ya koma mai kama maharba. Uban ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarsa. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi a wani gandun daji can kudu da Kano, shi da matarsa Jummai a ɗakin kwano guda ɗaya, ruwan sha sai an gangara rafi. A can mugun dawa ya yage masa ƙafar hagu, shi ya sa yake ɗingishi. Da ƙafar ta hana shi yawon daji, sai aka dawo da shi birni aka ba shi aikin zagaya masu ajiye namun daji a gida, masu jimina da masu kada da irinmu. Siriri ne, baƙi, mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. Kakinsa kullum a goge, aljihunsa kullum cike da ƙwallayen itatuwa. Duk inda ya ga fili sai ya tona da diddige ya jefa ɗaya ya rufe, ya wuce kamar bai yi komai ba. Yana da wata sandar gora da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, ita ce abokiyar tafiyarsa, ita ce kuma ma'auninsa.

Shekarar da wayar hannu ta fara yawa a gari ya fara zuwa lambunmu, a kan wani tsohon babur mai tari. Na buɗe masa ƙofa na ce, "Malam, bari in kaɗo maka su ka ƙirga."

Ya ce, "Bar su su huta. Itatuwa na zo gaisarwa tukuna."

Na ce a raina wannan ma'aikacin da taɓi. Ya bi itace ɗaya bayan ɗaya yana jingina musu sandar nan. Can sai ya kira ni. "Malam Ɗanladi, zo ka tsuguna nan ka duba."

Na tsuguna. Wallahi shekara da shekaru ina cikin lambun nan ban taɓa lura da abin da na gani ranar ba. Duk itatuwan, daga ƙasa har daidai ƙirjin mutum, babu ganye ko ɗaya. Layi ne miƙaƙƙe, kamar wanzami ya bi su da aska. Daga inda nake tsugune ina hango katangar ƙarshen lambu tas.

Ya ce, "Wa ya yi musu wannan askin?"

Na ce, "Haka Allah Ya yi su."

Ya ce, "Allah da ganye Ya yi su har ƙasa. Nan ne iyakar inda bakin barewa yake kaiwa in ta miƙe a ƙafafun baya. To nuna min ƙaramin itace ɗaya. Ɗan gawo, ɗan kurna, ko da wanda bai kai gwiwa ba."

Muka zagaya lambun kaf. Babu. Alhali kowace shekara gawo na zubar da 'ya'ya har sai na tara su tsibi-tsibi.

Ya ce, "Garin da babu yara a cikinsa, ko tsofaffinsa sun yi ƙiba, ai kufai ne yake jiran lokaci."

Na ce, "Ni fa ina ba su dusa da harawa, ba yunwa suke ji ba."

Ya ce, "Kai in ka ƙoshi da tuwo aka wuce da balangu, ba ka miƙa hannu? Ɗanyen tsiro shi ne balangun barewa."

Daga nan muka saba. Ko ba ranar aiki ba yakan biyo da gurasa a leda mu zauna gindin kanya mu ci. Yana ce min Sarkin Bareyi, ina ce masa Kawun Itatuwa. Yakan ce, "Baƙauye, kun zo birni kun manta ƙamshin daji." Ni kuma in ce, "Ɗan birni, kun je daji kun bar masa ƙafa ɗaya." Mu yi ta dariya.

A wajensa na ji yadda suke aikinsu. Ni da na ɗauka hana kisa kawai suke yi. Ya ce a'a, awo ne. Kowane daji yana da iyakar bakin da zai iya ciyarwa, kamar tukunya. Sukan bi sawu da kashi su kimanta yawan dabba, sannan su duƙa su dubi ƙananan itatuwa. In dabba ta yi ƙaranci sai a rufe farauta, ko zomo ka taɓa sai ka ga alƙali. In ta yi yawa har tsiro ya daina tashi, sai a kwashe wasu a kai wani dajin, ko a ba maharba kaɗan izini, a ce tsofaffin maza kawai, kuma ban da lokacin da mata ke ɗauke da ciki. Ya ce da can zaki da damisa da kura ke yin wannan awon. Ya ce, "Wanda ya kori kura, shi zai yi aikin kura, ko yana so ko ba ya so."

Ina jin daɗin hirar, don ban ɗauka za ta shigo ta ƙofar lambuna ba.

Sai wata rana da bazara ya nemi ganin Alhaji. Aka shimfiɗa darduma a gindin kanya, ina dafa musu shayi, Gambo direban Alhaji yana tsaye jikin mota. Shi ma Gambo ɗan Koki ne, kuma bakinsa ba ya ajiye magana ko ta minti ɗaya. Malam Sule ya ce wa Alhaji lambun nan bareyi goma sha biyu zai iya ɗauka, ba ƙari. Ashirin a kwashe su a kai gandun daji inda akwai fili, tsofaffin maza shida da suke ta faɗa suna karya wa juna ƙaho a yanka a raba wa mabuƙata.

Alhaji ya ajiye kofi ya ce, "Haba Malam Sule. Kyautar ɗan'uwa ce fa. Albarka ce ta sa suka yi yawa. Yanzu sai in ɗauki wuƙa in bi albarka?"

Ya ce, "Alhaji, itatuwan ma gadon kakanka ne. Su dai ba su da idon da za su dube ka ka ji tausayi."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Ni ɗan kasuwa ne, ba na sayen kaya a ɗaure cikin buhu. Kwance min in gani."

Shi ne Malam Sule ya kawo maganar shinge. Ya ce haka suke yi a daji in gardama ta tashi. Zai kafa turaku huɗu a ƙarƙashin babban gawo, taku huɗu ta kowane gefe, ya zagaye da wayar kaji, babu ƙofa. A bar shi daga ruwan fari har ɗaukewar damina. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, inuwa ɗaya, bambanci kawai baki ba ya shiga. In ciki ya zama kamar waje, to ba bareyi ba ne, a kira shi maƙaryaci, ba zai ƙara tayar da maganar ba. Alhaji ya ce in kuwa ciki ya bambanta, a yi yadda ya ce. Suka tafa.

Ni na riƙe masa turakun yana bugawa. Da ya gama ɗaure wayar ya dafa kafaɗata ya ce, "Sarkin Bareyi, amana ce. Kai ne idona a nan."

Na ce, "Ba komai, Kawu."

Ruwa ya sauka. Nana Hauwa, sati uku kawai cikin shingen nan ya yi kore shar. Bayan wata biyu na leƙa na ƙirga 'yan gawo goma sha ɗaya, da kurna huɗu, da wata ciyawa mai fure da rabon in gan ta tun ina ƙauye. Waje kuwa ƙasa ce ja kamar filin ƙwallo. Bareyin kan zo su jera suna tura hanci a wayar. Makaho ma da ya shafa zai san wa ya yi gaskiya. A lokacin an tura Malam Sule wani aiki na watanni wajen dashen itatuwa a arewa, Alhaji kuma yana ta tafiye-tafiyensa. Ni kaɗai na gani.

Sai barci ya ƙaurace min. Mai-kwalli ta tsufa, ta daina haihuwa, gwiwarta ɗaya ta kumbura. Na ce in za a zaɓi sha biyu, wa zai zaɓi tsohuwa gurguwa? In an kai ta daji, ita da ba ta san komai ba sai kwanona, kwana nawa za ta yi? Kuma kada in yi wa Allah ƙarya, ba ita kaɗai ba ce. Mai bareyi talatin da takwas shi ake kira a nuna wa baƙi. Mai sha biyu kuwa mai shara ne kawai. Abin da ya kamata in yi, in jira mutumin ya dawo in ce masa, Kawu, tsohuwar nan fa? Magana ce ta numfashi ɗaya. Ban yi ba.

Ranar Juma'a lambun yakan zama babu kowa a kusa, masu gonakin gefe duk sun tafi masallaci. Na ce wa maƙwabta cikina ke ciwo. Da na ji gari ya yi tsit, na kwance wayar ta gefe ɗaya, na ɗaga, na watsa dusa a ciki, na kira Mai-kwalli. Ta shiga, biyu suka bi ta. Ina tsaye ina jin huɗuba daga nesa a lasifika, su kuma suna cinye amanar da aka ba ni. Ba su gama a rana ɗaya ba, kuma abin yana sake tohowa. Juma'a uku a jere na yi haka. Ke kin yi Islamiyya, kin san abin da malamai suke faɗa a kan wanda ya bar Juma'a uku babu uzuri. Ni ma na sani a lokacin.

A ta ukun damina ta riga ta ɗauke. Na shiga da kaina na tuge guntayen da suka rage, na tsince kashinsu tsaf. Sai na ga sawun kofato ko'ina. Na ɗauko tsintsiya na share. Hannun da ya yi shekara talatin yana abu ɗaya ba ya neman izinin mai shi. Na share, na fito, na mayar da waya, na ɗaure, ina ganin na yi dabara.

Ranar Lahadi suka zo, Alhaji da abokansa biyu da Gambo, sai Malam Sule a kan baburinsa, yana ta fara'a. Tun daga ƙofa yake cewa, "Sarki, yaya 'ya'yana?" Na ce suna nan. Muka isa gindin gawo. Ciki fayau, waje fayau.

Ya tsaya. Ya zagaya shingen sau ɗaya yana ɗingishi, ya taɓa ɗaurin wayar, ya tsuguna ya kafa ido a ƙasar ciki. Sai a lokacin ni ma na gani. Zanena ne kwance a ciki, layi bisa layi, saƙar tabarma, a wurin da ba shi da ƙofa. Duk Kano babu mai wannan sharar sai mutum ɗaya. Su Alhaji idonsu ya saba da ganin zanen a ko'ina cikin lambun, ba su kawo komai a ransu ba. Shi kuwa mutumin da ya iya karanta sawun zomo a kan dutse!

Ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba, kallo kawai. Na ce a raina shi ke nan, yau zan kwashe tabarmata.

Alhaji ya ce, "To, Malam Sule? Mun kwance buhu."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Alhaji, abin da na ce za ka gani, ba ka gan shi ba. Alkawari alkawari ne."

Da na yi shiru a nan, da laifina ɗaya ne. Amma tsoro ya sa na so in tura shi nesa yadda ko ya yi magana daga baya ba za a yarda ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai dama ɗan maharbi ne, Alhaji. Nama ya hango."

Aka fashe da dariya. Gambo har da riƙe ciki, yana cewa, "An kafa wa iska shinge! Malam Sule, ko iskar ma ta gudu?" Alhaji ya ce a bari, amma shi ma yana dariyar.

Ni na buɗe masa ƙofa zai fita. Ya tayar da babur, sai ya sunkuyo ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Malam Ɗanladi, hannunka na shara yana da kyau." Ya tafi. Daga ranar bai ƙara ce min Sarki ba, gurasa kuma ta ƙare.

Kafin magariba Gambo ya kai labari Koki, ya sa masa barkono. Aka ce Malam Sule ya ƙulla dabarar cin naman barewar Alhaji, shinge ya tona masa asiri. Mutumin da ya bar ƙafarsa a daji yana tsare dabbobin da ba nasa ba, aka mayar da shi makwaɗaici. In ya wuce majalisa sai a ce, "Sule Shinge, yau me aka killace?" Ya ɗaga hannu ya wuce. Shekara ta zagayo ya yi ritaya, ya buɗe 'yar rumfar sayar da dashen itatuwa a ƙofar gidansa.

Shingen kuwa ban cire shi ba. Da damina ta dawo ya sake yin kore. Na ɗauko fartanya in kashe, hannuna ya ƙi. Sai na zagaye shi da zana, na jingina kayan aiki, na ce rumbun harawa ne, don kada Alhaji ya gani. Kin ga laifi kan haifi ɗa shi ma.

Shekara uku bayan nan bareyi sun haura hamsin. Aka yi ƙarancin ruwa, harawa ta yi wuya. Suka koma cin ɓawon itace. Sukan sa haƙori su zare shi zagaye, itacen ya tsaya fari kamar ƙashi, kafin wata damina ya bushe. Magarya ta fara tafiya, sai kurna, sai aduwa. Inuwa ta ragu, suka cunkushe a inda ta saura, sai zawo ya shiga cikinsu. Da safe in zagaya da baro in kwashe biyu, wata rana huɗu. Mai-kwalli a cinyata ta mutu, haƙarƙarinta ana ƙirgawa, tana lasar hannuna. Ni da na ce ina tsare ta daga wuƙa, na ba ta mutuwar da ta fi wuƙa ciwo sau goma.

Alhaji ya rasa wanda zai kira sai Malam Sule. Ya zo, ba ya ma aiki a lokacin. Bai ce ai na faɗa ba. Ya nemo tsofaffin abokan aikinsa da mota da raga, aka kwashe tara da suka rage. Ana lodi sai na ga ya nufi wajen zanar nan, ya ɗaga kai ya leƙa. Akwai ɗan gawo ɗaya a ciki da ya kai ƙirji. Ya daɗe yana kallonsa. Da ya juyo muka haɗa ido, ya ce, "A riƙa ba shi ruwa." Alhaji yana tsaye taku goma daga wurin. Allah Ya buɗe min ƙofa a karo na biyu. Na sunkuyar da kai na ce, "To."

Mutanen Koki ba su ga wannan ba. Abin da suka ji, cuta ta kashe bareyin Alhaji. Cuta kuwa ai daga Allah take. Suna ya zauna daram.

Bayan rasuwar Alhaji magada suka yanka lambun filaye, yanzu duk gidaje ne. Ni na dawo Shahuci na zauna. Shekara goma sha wani abu, in hanya ta biyo da ni Koki sai in canza lungu. Sau biyu na kai har ƙofar gidansa. Na farko na ce dashen mangwaro na zo saya. Na biyu na tarar da mutane, na gaishe su na wuce.

Shekaranjiya waccan na je sadakar arba'in. Da jama'a suka watse na tsaya a soro na aika a ce wa Jummai ina son magana. Tana takaba, ta tsaya daga bayan labule. Na fara kame-kame, sai ta katse ni.

Ta ce, "Malam Ɗanladi, maganar tsintsiya ce?"

Na ce, "Ita ce."

Ta ce, "Tun ranar na sani. Ya dawo bai ci abinci ba. Na ce ya koma ya faɗa wa Alhaji, ya ce mutum mai 'ya'ya bakwai, in aka kore shi ina zai nufa? Ya ce shi ya kusa ajiye aiki, suna kuma ba ya hana tuwo shiga. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba sai in kai ka fara."

Na ce, "Tsohuwar barewata na ji wa tsoro, Jummai."

Ta ce, "Mai-kwalli? Ai ita ya fara sawa a cikin sha biyun da za a bari. Ya ce wannan ba barewar Alhaji ba ce, 'yar Ɗanladi ce. Ka tambaye shi?"

Nana Hauwa, na yi dako, an ɗora min buhun gishiri biyu a ka, ban taɓa jin nauyi irin na wannan tambayar ba. Na durƙusa a soron nan na ce ta yafe min.

Ta ce, "Shi ya yafe tun kafin ya kwanta ranar. Ni ban kai shi haƙuri ba. Jikokinsa a makaranta jikan Shinge ake ce musu, ƙaramin har faɗa ya yi aka fasa masa leɓe. A gaban mutane ka ɓata shi, Malam. Kada ka zo ka wanke shi a soro."

Shi ya sa na zaunar da ke. Harshena na san halinsa, in ya ga taro zai nemi lungun zillewa, ya yi min haka sau uku. Takarda kuwa ba ta da kunya. Na riga na yi magana da limamin masallacin unguwarsu, jibi Juma'a bayan la'asar zai karanta ta a dakalin ƙofar masallaci, inda Gambo yake zama da sauran waɗanda suka yi dariya. Ni kuma zan zauna a ƙasa a gabansu, ba zan rufe fuska ba.

Ki rubuta wannan da kyau. Malam Sule bai yi ƙarya ba, bai nemi nama ba. Shingensa ya yi kore kamar yadda ya ce. Ni Ɗanladi na ɗaga waya na sa bareyi a ciki, Juma'a uku, na share sawunsu, sannan na yi masa ƙazafi.

Wanda yake son shaida, in an tashi ya biyo ni Kansakali. A duk itatuwan lambun nan ɗaya ne ya rage, gawon da ya tsiro a cikin shingen. Da ana yanka filaye ya faɗo a bakin layi, aka bar shi. Yanzu ya fi gidajen tsawo, mai shayi da mai faci suna zama a gindinsa. Wayar da Malam Sule ya ɗaura tana nan a jikinsa, ɓawo ya haɗiye rabinta. Kowa ya sa hannu ya taɓa.

Sa sunana a ƙasa, ki kawo tawadar in dangwala yatsa.